Saura Mako Tara, Hannuna Na Ciwo, Ban Gama Kyautar Kowa Ba

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, ina kuma zuwa aiki. Tun ina budurwa ba abin da nake so kamar saƙa da gashin biskit, shi ya sa duk bikin ƙarshen shekara da hannuna nake yi wa dangi kyauta, nawa da na maigida. Bana mutum 14 ne a takardata: suwaita 2 ta manya, safar mutum 3, hula 5, mayafin wuya 3, da bargon jaririn da ƙanwata za ta haifa. Ga kuma biskit na gidaje 6. Saura mako 9.

Abin da ya karya mini gwiwa shi ne suwaitar da na saƙa wa ƙanwar mijina bara da ulu mai kyau. Na je gidanta na tarar ta ƙanƙance ta yi tauri, an shimfiɗa wa kyanwa a kwando. Surukata kuma da na miƙa mata mayafin wuyanta sai ta ce, "Ai da kin hutar da kanki, akwai irinsa a kanti." Mahaifiyata ce kaɗai take sa safar da na yi mata har ta huje ta kawo in gyara. Maigida ya ce in riƙa saye kawai in huta. 'Yata mai shekara 9 ta ce mini, "Mama, ke kullum sai ki ce bari in ƙarasa layin nan," kuma jar hular da ta roƙe ni tun bara har yau ban yi ba. Da dare yatsuna sagewa suke yi. In daina ne gaba ɗaya? Kuma in yi wa ƙanwar mijina magana?

Mai saƙa da ta gaji

Ƙanwata, kada ki daina saƙa, kada kuma ki yi wa ƙanwar mijinki magana. Amma takardar nan ta mutum 14 ba za ta yiwu ba a mako 9, kuma ba don kin gaza ba ne. Zo mu yi lissafi tare, domin na lura mu masu aikin hannu muna auna zare, muna auna fulawa, amma lokaci sai mu bar shi a kan "in Allah ya yarda zan gama".

Ɗauki suwaitar babban mutum da zare matsakaici, irin wanda yake ba da ƙulli 20 da layi 28 a cikin santimita 10. Idan kewayen ƙirji santimita 100 ne, tsayi kuma 60, gangar jikin kaɗai ƙulli 200 ne sau layi 168, wato 33,600. Hannuwa biyu za su ƙara kusan 19,000. Jimla ta haura 52,000. In kina zare ƙulli 25 a minti ɗaya, wanda ba gudun wasa ba ne ga mace mai yara a gefe, suwaita ɗaya awa 35 ce, ba a sa haɗawa da ɗinke bakin zare da warware kuskure ba. Da irin wannan lissafi safar mutum ɗaya da siririn zare tana cin kusan awa 16, mayafin wuya awa 11, hula awa 4, bargon jariri mai santimita 70 da 90 kusan awa 24. Ki tara duk abin da ke takardarki, za ki samu awa 195. Mako 9 kwana 63 ne. Ke nan sai kin yi fiye da awa 3 kowace rana, ba fashi, ba zazzaɓin yaro, ba baƙo, ba ranar da kika dawo aiki a gajiye, kuma ba a kunna oben ba tukuna. Ki sa agogo yau da dare ki ƙirga naki gudun na minti ɗaya, wataƙila kin fi haka sauri. Ko kin fi, ba zai ninka kwanakin ba.

To daga ina waɗannan awa ukun suke fitowa? 'Yarki ta riga ta ba ki amsa. Daga barcinki suke fitowa, daga hirar dare da maigida, daga lokacin da yarinya ta zo da littafinta tana so ki duba. Kyautar hannu da lokaci ake biyanta, kuma lokacin da kike biya da shi ba naki ba ne ke kaɗai, mutanen gidan suna da rabo a ciki. Duk cikin wasiƙarki maganar yarinyar nan ce ta fi tsaya mini a rai, fiye da kyanwar, fiye da furucin surukarki. Ba ta ce ki daina saƙa ba. Hula ma ta roƙa, wato tana son abin hannunki, tana kallon sauran mutane suna samu ita tana jira. Yarinyar da take kwana gida ɗaya da allurar ita ce ta ƙarshe a layi. Wannan shi ne abin da za a fara gyarawa, kuma gyaransa awa 4 ne kacal.

Yanzu batun suwaitar da ke kwandon kyanwa. Na san zafin da kika ji, domin mutum ya ga darensa talatin a ƙasa dabba na kwance a kai ba ƙaramin abu ba ne. Amma ki sake duban abin da kika gani da idon mai sana'a. Kin ce ta ƙanƙance ta yi tauri. Ulu ba ya yin haka a cikin akwati. Kowane silin gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, kuma idan ruwan zafi da sabulu da cuɗawa suka haɗu, ɓawon sai su sarƙe da juna, saƙar ta dunƙule ta zama kamar tabarmar ulu, ba ta kuma komawa yadda take har abada. Wanki ɗaya a inji ya isa. To wa yake wanke rigar da bai sa ba? Alamar da ke gabanki ta fi nuna cewa ta sa suwaitar, ta yi datti, ta jefa ta cikin sauran kaya kamar yadda take yi wa kowace riga, ta fito da ita ta ga ko ɗan yaye ba za ta shiga ba. Ina kyautata zaton kunya ce ta hana ta faɗa miki, kuma rashin iya zubar da ita ne ya kai ta kwandon. Ban ce lallai haka aka yi ba. Amma wannan bayanin ya fi dacewa da abin da ulun ya nuna fiye da zargin wulaƙanci, kuma da shi za ki fi samun barci.

In kika tayar da maganar, me za ki samu? Ko ta ba ki haƙuri cikin jin nauyi, daga nan duk abin da kika ba ta ya zama kaya a kanta, ko ta kare kanta, magana ta kai kunnen uwarta da yayanta, a ce matar wane tana gori a kan kyauta. Babu riba ko ɗaya a ciki. Abin da kika bayar ya bar hannunki tun ranar da kika miƙa shi. In wata rana ita da kanta ta kawo zancen, ki sauƙaƙa mata, ki ce, "Ai halin ulu ke nan, ba ke kaɗai ya yi wa haka ba." Shi ke nan.

Surukarki kuma, "da kin hutar da kanki" magana ce mai fuska biyu. Manya da yawa haka suke nuna tausayi, ba su iya cewa "na gode, ya yi kyau" kai tsaye, sai su ce ka wahalar da kanka. Ke kika san muryarta da yadda ta kalle ki a lokacin. Ko da ma da gaske take nufi na kanti ya ishe ta, to ta yi miki alheri da ta faɗa, domin ta cire miki awa 11 daga wuya. An ce yaba kyauta tukwici, kuma gaskiya ne ba su kyauta ba da suka bar ki ba yabo. Sai dai akwai abin da nake so ki fahimta game da wanda bai taɓa riƙe allura ba: ba ya ganin awanni. Ke in kin kalli mayafi kina ganin daren da kika warware layi goma saboda kuskure ɗaya. Ita mayafi take gani, ta kwatanta shi da wanda ke rataye a kanti. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne.

Akwai ma binciken da ya taɓo wannan. A shekarar 2012 masana uku a Amurka, Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely, sun sa mutane haɗa akwatunan IKEA, wani kamfanin kayan ɗaki, da naɗe takarda ta zama siffar tsuntsu ko kwaɗo. Sun ga wanda ya yi abu da hannunsa yana ba shi daraja kusan daidai da aikin gwanaye, kuma yana zaton sauran mutane ma haka za su gan shi, alhali ba haka suke gani ba. Kada ki ɗauka ina cewa saƙarki ba ta da kyau. Abin da nake nufi shi ne tsakanin ƙimar abu a idon mai yi da ƙimarsa a idon mai karɓa akwai tazara, kuma kowa yana da ita, har gwanaye. Wani binciken na 2015, na Christoph Fuchs da abokan aikinsa, ya nuna ɗaya gefen: mutane sun fi son abin da aka yi da hannu idan makusancinsu za su ba, saboda suna jin akwai ƙauna a cikinsa. Ki lura da kalmar makusanci. Abin hannu yana aiki inda akwai kusanci da sanin juna. Idan aka shimfiɗa shi a kan mutum 14 saboda kada wani ya ce an bar shi, ya tashi daga ƙauna ya koma haraji, kuma mai karɓa yakan ji hakan ko ba a faɗa ba.

Saboda haka ga yadda zan yanke takardar in ni ce. Ki ɗauka kina da awa ɗaya a rana, awa 63 ke nan. Ki ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu saboda abin da ba a shirya ba, ya rage kamar 47. Jar hular 'yarki ta fara, awa 4, a wannan makon, kuma ki bar ta ta zaɓi jan da take so da kanta. Sai bargon jaririn, awa 24, domin haihuwa ba ta jiran kowa. Sai safar mahaifiyarki, awa 16. Ita ce ta nuna miki da ƙafarta cewa tana so, kuma mai kawo safa a gyara ta yi yabon da ya fi na baki. Jimla 44. An rufe takarda. In kin gama da sauran kwanaki, ki ƙara hula ɗaya ko biyu ga sauran yaranki, amma kada ki yi wa kowa alkawarinsu.

Na san abin da zuciyarki take cewa yanzu: to sauran mutum 11 fa? A nan maigida zai shigo. Maganarsa ta "ki saya kawai" ta yi miki ciwo saboda kin ji kamar ya raina abin da kike so. Ni ina ganin mutum ne da yake kallon matarsa tana murza wuyan hannu da tsakar dare, bai san yadda zai ce ya damu ba, sai ya kawo mafita mafi kusa. Ki karɓi rabin maganarsa, ki mayar masa da rabin aikin. Ki same shi lokacin da yara suka kwanta, ba allura a hannunki, ki ce, "Na yi tunanin abin da ka faɗa, kana da gaskiya, na ɗora wa kaina da yawa. Bana mutum uku zan saƙa wa. Kyautar Mama da su ƙannenka na bar maka, kai ka fi sanin abin da suke so, ni kuma zan haɗa da biskit." Danginsa ne. Shekarun da kika yi kina ɗauke masa wannan nauyi wataƙila bai ma san nauyi ba ne. Kuma ki gaya masa a fili cewa saƙar ba wahala ba ce a wurinki, yawan ne wahala, domin kada ya ɗauka duk ranar da ya ga zare a hannunki lokacin faɗa ya yi.

Dangin kuma a sanar da su tun yanzu, kada a bari sai ranar biki wanda ya saba karɓar hula ya buɗe ya ga wani abu dabam. Gajeren saƙo ya isa: bana hannuna yana ciwo, na rage saƙa, amma biskit ɗinku yana nan tafe. Ba sai kin yi dogon bayani ko neman gafara ba. Za ki yi mamakin yawan waɗanda za su amsa da "Allah ya ƙara sauƙi" su wuce. In an samu wanda ya nuna ya ji babu daɗi da gaske, to kin gano mai son aikinki, ki rubuta sunansa a takardar baɗi.

Hannun nan kuma ba abin wasa ba ne, kada ki sa shi a ƙarshen lissafi. Sagewar yatsu da dare, musamman babban yatsa da manuni da na tsakiya, alama ce da aka sani ta matsewar wata jijiya da take ratsa wuyan hannu, kuma maimaita motsi ɗaya na tsawon lokaci yana tsananta ta. Ba zan iya duba ki daga nan ba, likita ne zai tantance, kuma ina roƙonki ki je a cikin makonnin nan, kada ki ce sai bayan biki. Idan aka kama abin da wuri, sau da yawa hutu da abin ɗaure wuyan hannu da dare suna taimakawa. Idan aka yi ta dannewa, yana iya kai wa ga raunin riƙo. Kafin ki je, ki riƙa ajiye allura duk bayan minti 20 zuwa 30 ki miƙe yatsu, ki sassauta riƙo, kuma ki bar saƙa da zarar sagewar ta fara. Safa da siririyar allura ta fi gajiyar da hannu, don haka in likita ya ce ki huta, safar mahaifiyarki ma ta jira. Uwa ce, ta fi son hannunki a kan safa.

Biskit shi ne inda za ki samu sauƙi mafi yawa, in kika daina yin kala biyar a dare ɗaya. Kala ɗaya tak, mai kyau, wanda ba ya saurin lalacewa. Biskit ɗin bota ya dace da wannan, kuma ma'auninsa ba ya ɓata: sukari kashi 1, bota kashi 2, fulawa kashi 3, a kan sikeli. Wato giram 100 da 200 da 300, da ɗan gishiri. Wannan kwaɓi giram 600 ne, zai ba ki guda 30 masu giram 20. Gidaje 6, kowanne guda 20, kwaɓi huɗu ke nan. Sirrin shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kwaɓa tun yanzu, wata Asabar da rana, ki mulmula kowane kwaɓi ya yi tsawo kamar sanda mai kaurin santimita 4 ko 5, ki naɗe shi sosai kada iska ta shiga, ki rubuta kwanan wata, ki sa a firiza. Zai yi wata 2 zuwa 3 lafiya lau. Saura kwana uku ko huɗu biki sai ki fito da shi ya ɗan saki, ki yanka da wuƙa kaurin santimita ɗaya, ki gasa a zafin digiri 160 na ma'aunin Celsius na minti 15 zuwa 20, har gefen ya fara yin ruwan zuma. Ki bari ya huce sarai kafin ki rufe, domin ɗumi kaɗan a cikin gwangwani yana zama raɓa ya kashe ƙarmas ɗin. Kada kuma ki haɗa shi gwangwani ɗaya da kek ko wani abu mai laushi, zai ja danshinsa ya yi lagwada-lagwada. A rufe da kyau yana kai mako guda har fiye. Ki liƙa 'yar takarda a murfi mai cewa akwai alkama da madara a ciki, da gyaɗa in kin sa, saboda masu rashin jituwa da su.

Wannan aikin kuwa na gida duka ne. Babba ya auna, na tsakiya ya mulmula, ƙarami ya danna cokali mai yatsu a kan kowanne ya yi masa ado. Za su fito wasu a karkace, wasu da sawun yatsa. A bar su haka, kakanni sun fi son waɗannan. Abu ɗaya za ki tsare: kada su ci ɗanyen kwaɓi ko da babu ƙwai a ciki, domin ɗanyar fulawa ma tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta sai wuta ta kashe su. Ki ga bambancin: awa biyun da za a yi a kicin ba a ƙwace su daga yaran ba, tare da su aka yi.

Haka nake so saƙar ma ta koma. Shekara 9 daidai lokacin koyo ne. Bayan kin gama mata hular, ki ba ta allura masu kauri, milimita 5 ko 6, da zare mai kauri mai haske domin ta riƙa ganin ƙullin, ki ɗora mata 15 ki nuna mata saƙa mafi sauƙi. Za ta zubar da ƙulli, za ta ƙara wasu ba ta sani ba, abin zai fito da faɗi a nan da tsuke a can. Ina roƙonki kada ki warware mata da dare ki gyara. Yara suna ganewa, kuma daga ranar sukan ajiye. In ta yi ɗan murabba'i, ya zama abin ɗora kofi, ta naɗe da kanta ta kai wa kakarta ta wajen uba. Zan so in ji ko ita ma za a ce mata akwai irinsa a kanti. In kuma ta gwada ta ce ba ta so, ki ƙyale ta, ta zauna kusa da ke da littafinta. Abin da take nema shi ne in ta yi magana ki ɗago kai. Ki yi wa kanki doka: in yaro ya kira, allura ta sauka ko a tsakiyar layi ne. Ƙulli ba ya guduwa, a tura shi can ƙasan allura a dawo a same shi.

Dalilin da ya sa na ce kada ki daina shi ne abin da saƙar take yi miki ke kanki. A 2013 an wallafa wani bincike a Birtaniya, na Jill Riley da Betsan Corkhill da abokiyar aikinsu, inda masu saƙa 3,545 daga ƙasashe dabam-dabam suka amsa tambayoyi, kuma waɗanda suka fi yawan saƙa sun fi cewa suna samun natsuwa da farin ciki. Masu son abin ne suka amsa, don haka ba abin mamaki ba ne, amma ke ma kin san gaskiyarsa tun kina budurwa. Mace mai aiki da yara uku tana buƙatar abu ɗaya da yake nata, wanda hannunta zai yi zuciyarta ta huta. Wa'adi da takardar sunaye su suka ƙwace miki wannan. In kika jefar da allura saboda fushin kwandon kyanwa, kin hukunta kanki a kan laifin da ba naki ba.

Don gaba, ga abin da zai kare ki daga irin ciwon bara. Kafin ki ɗora wa babban mutum ƙulli ɗaya, ki tambaye shi. Kyautar bazata tana da daɗi a biskit, amma a abin da zai ci awa 35 caca ce. Ki ce, "Ina so in saƙa miki abu, me za ki sa da gaske, wane launi, kuma yaya kike wanki?" Tambayar ƙarshen ita ce babba. Mai jefa komai a inji a yi mata da zaren akirilik, wato na roba, ko ulun da aka sarrafa don ya jure injin wanki, za ki ga an rubuta a takardar jikin dunƙulen. Tsantsar ulu sai ga wanda zai wanke da hannu a ruwa mai sanyi ko ɗumi kaɗan, kada ya wuce digiri 30, ya matse a tawul ba murɗawa, ya shanya a kwance. Ki rubuta wannan a 'yar takarda ki haɗa da kyautar, har da ɗan ragowar zare saboda gyara. Wasu kuma ba sa sa ulu ne don yana yi musu ƙaiƙayi, suna jin nauyin faɗa. Kaurin silin ne yake jawo haka: wanda ya haura kamar maikiron 30 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) yana sukar fata, shi ya sa ulun tumakin merino, da yake siriri ne, ya fi daɗi a wuya da goshi. Ki ba mutum dunƙulen ya goga a wuyansa kafin ki fara.

Bargon jaririn ki yi shi da zare mai jure wanki, domin sabuwar uwa ba ta da lokacin wankin hannu. Ki sayi zaren duka lokaci ɗaya, ki duba lambar rini a takardar ta zama iri ɗaya, in ba haka ba za ki ga launin ya canza a tsakiyar bargo. Kada ki sa maɓalli ko ƙwalliyar da za ta iya cirewa, kada saƙar ta yi manyan ramukan da yatsa zai maƙale. Ki kuma gaya wa ƙanwarki na goyo ne da shimfiɗa lokacin da ido yake kansa, domin likitocin yara suna hana barin sakakken bargo a gadon jariri lokacin barci har ya cika shekara ɗaya.

Suwaita biyun nan ba a soke su ba, an ɗaga ne. In hannunki ya warware, ki zaɓi ɗaya ki fara a watan Janairu ba tare da ranar gamawa ba, bayan kin auna mai ita da tef kin saƙa ɗan gwaji na santimita 10 kin wanke shi kin ga yadda zaren yake yi. Ban ga sunan maigida a cikin waɗanda kika ce kin taɓa saƙa wa ba. Ki tambaye shi ko yana so, kuma wane launi.